Rautar Asabe

Asabe mai shagon buga takardu
ta dire min ita a benci, nan Wunti,
ta ce tun daren Talata ta yi gum.

Ƙahonni biyu a miƙe, ba sa jin komai.
Na kife ta. Sukuru huɗu,
ɗaya ya ɓuya ƙarƙashin takardar garanti.

Ciki allo ne kore,
zaren tagulla ya ratsa shi lungu-lungu
kamar ka hango Bauchi daga kan dutse.
Ga ƙwaƙwalwar, ba ta kai farcena ba,
an aza mata ƙarfe mai haƙoran mataji
ya riƙa shan zafi a madadinta.
Kafofi biyar a baya, huɗu rawaya,
shuɗiyar nan ta cikinta duniya ke sallama.

Kwandansa guda ta kumbura kamar ƙosai.
A gefenta ƙwai biyu farare:
tsaka ta bi ramukan iska,
ta ji ɗumi, ta tare.

Dalma ta narke, hayaƙi ya cika min ido.
Na jona. Fitilu suka farka ɗaya bayan ɗaya,
ta ƙarshe ta ja aji, sannan ta ƙifta.

Ƙwan na zuba su a kwalin ashana.
Asabe ta ce kar in sa su a lissafi.