Shekarar Da Ruwa Ya Ci Shinkafarmu

Daren Laraba ruwa ya shigo fadamar Dadin Kowa,
bai yi sallama ba.
Saura kwana tara mu sa lauje.
Da gari ya waye, inda muka bar shinkafa ta sunkuyar da kai,
sararin sama muka tarar a kwance,
belbela biyu na tsaye a kansa.

Gona ɗaya ce, ta gado,
amma mu huɗu muka rasa ta, kowa da irin rashinsa.

Bappa Manu bai ce uffan ba.
Ya koma gida ya kwance rediyonsa
wadda babu abin da ya same ta,
ya jera ƙusoshinta a kan tabarma,
ya mayar, ya sake kwancewa.
Kwana shida yana wannan jinyar.

Adda Dija kuwa, baki ne maganinta.
Ta zagi ruwa, ta zagi mai takin da ya ba mu bashi,
ta zagi akuyar maƙwabta da tsautsayi ya biyo da ita,
ta share tsakar gida har tsintsiya ta gajarce.
Da magariba ta tuƙa tuwo, ta ci, ta ƙara,
ta kwanta har da minshari.
Allah Ya yafe mini, na yi hassadar barcin nan.

Ni lissafi ne ya kama ni.
Buhun taki goma sha ɗaya, man injin ban-ruwa,
kuɗin makarantar Zulai, maganin hawan jinin Inna.
Ina tarawa, ina ɗebewa, idona a kan azara.
Amsar ba ta taɓa sauyawa ba,
amma nakan sake daga farko,
ko za ta gaji ta yi mini rangwame.

Gidado fa? Dariya.
Wai bana kifi muka noma, a ɗauko koma.
A ƙofar masallaci ana nuna shi da baki:
ga mai tawakkali.
Ban musa ba.
Sai dai na san ƙarshen kowane wata
wayarsa kan yi tari a aljihu,
albashin koyarwa ya sauka.
Mai inuwa a bayan gida ba ya faɗa da rana.
Na ce a raina, ashe haƙuri ma sai da jari.

Na riƙe masa wannan a ciki
har daren da barci ya kore ni waje.
A bakin ruwan na same shi, takalmi a hannu,
fuskar nan babu ko ɓurɓushin dariya.
Ya ce, Baba ne ya tumɓuke kututturan nan,
ina biye da shi da gora.
Ban san me ake ɗebewa daga wannan ba.
Muka zauna, sauro ya ci rabonsa.

Rana ta bakwai Bappa ya murɗa rediyo,
ƙusa ɗaya ta rage a tafin hannunsa,
amma ta yi magana:
wai akwai sauran ruwa a gaba.

Adda ta cire tsintsiya ta nufi rediyon.
Bappa ya rungume ta a ƙirji kamar jinjiri,
ya ce, ita ba ta da laifi.
Kalmarsa ta farko ke nan.

Na yi dariya har na ɓata lissafi.