Ɗan Sa-kai

Lantana na tsince wake a Magami
ta ɗago kai daga faifai:
"Baba, wane ne ɗan sa-kai?"

Na ce: wanda ba a aika ba, ya tafi.
Kamar Nomau mai facin taya,
da magariba ya ja ƙyauren shago,
ya rataya harba-ka-ruga da tocila,
ya kwana bakin gulbi muna minshari.

Ban gaya mata ba
cewa a rugar Jaɓɓi, can hayi,
in an ambaci sunan nan
uwa kan tura ɗanta dawa ba takalmi.

Sa kai ya fi bauta ciwo, in ji na da.
Matar Nomau ta fi mu sanin fassara:
tuwonsa na rufe tun shekaranjiya,
ta hana kowa ya taɓa.