Yana a Idon Zuba-ido

Ranar Laraba ya yi karo da turmi.
Taku ɗaya kacal Dije ta gusar da shi don ta yi shara.
Ya tsaya, ya sunkuyar da kai kamar mai neman gafara,
ni kuwa na ajiye lomar da ke hannuna.
Ashe ya daɗe yana yawo a gidan nan da hadda.

Zuba-ido na raɗa masa tun yana kwikwiyo,
don in ya kafa wa biri ido a bakin lambu
sai birin ya saki gwandar, ya tuna yana da uzuri a dutse.
Yau idon ya yi fari-fari,
kamar an ɗiga koko a ruwan randa.

Na ɗora shi a akori-kura, daga Dadin Kowa har Gombe,
tsakanin buhunan albasa.
Wata mata ta janye zanenta.
Yaron mota ya ce kuɗin mutum biyu. Na biya.

Dakta Rifkatu ta haska 'yar tocila:
"Yana ce, baba, duka biyun. Ta hagu ta fi nuna."
Nuna! Sai ka ce mangwaro.
Ta ce ana cirewa, amma sai an yi doguwar tafiya.
Ta ce sai an sa shi barci,
tsohon kare kuwa, barcin kan yi masa daɗi ya zarce.
Ta ce maganin ɗigawa sau huɗu a yini,
da wani mazurari a wuya, kada ya sosa.
Kuɗin, a bayan takarda ta rubuta, ba ta faɗa da baki ba.

Na duba. Injin ban-ruwa ne cif,
har da tiyo.
Nawa kuwa tun bara yake tari kamar mashayin taba.

A majalisa Barau ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
"Mutane na lalube a garin nan, kai sai kare za ka yi wa tiyata?"
Na yi shiru, don maganarsa tana da nauyi.
Amma ba Barau ne ya kwana a bukka ba
daren da ɓarayin tumatir suka zo da adda.
Tabon na nan a kafaɗa, inda gashi ya ƙi tsirowa.

Goggo Azumi, da aka cire wa tata bara waccan,
ta ce: "Da aka kwance mini bandeji
tsagar bangon ɗakina na fara gani, na yi kukan daɗi.
Amma ni an tambaye ni, na ce a yi.
Shi fa, wa ya tambaye shi?"

To, na tambaye shi, da asuba.
Na kwance igiya, na bi bayansa, ban ce uffan ba.
Hanci a ƙasa, ya bi ta gindin darbejiya,
ya ƙirga kunyoyin albasa da ƙafa,
ya tsaya a bakin magudana, ya saurari ruwa,
ya tsallake.
A ta biyu ya zame, ya jiƙe har wuya,
ya fito, ya girgije a jikina,
wutsiya na kaɗawa kamar an yi masa albishir.

Ban san ko amsa ce ba.

Na dai kafa doka: kada a sake gusar da komai,
turmi, buta, kujerar tsugunno, kowa ya zauna inda ya san shi.
Na ɗaura gwangwani da tsakuwa uku a bayan kekena
don ya riƙa jin inda na nufa.

Takardar tana cikin hulata, ta fara shan gumi.
Saura wata biyu a cire albasa.
Inji ko ido. Dare ya yi in zaɓi wannan,
gari ya waye in zaɓi wancan.

Jiya da la'asar ya ɗaga fararen idanun nan wajen dutse,
ya yi haushi uku.
Na kare rana da tafin hannu, na duba, na duba,
ban ga komai ba.
Sai da reshen gwanda ya motsa.