Ɗakin da Awaki Suka Bari

A bayan gidanmu, nan Yalwa ta Garwa,
akwai ɗakin da awaki suka bari.
Shekara uku yana tara tsoffin tayoyi
da keken ɗinki mai karyayyar ƙafa.
Ranar da bayana ya ƙi miƙewa
don tsabar durƙuso a bakin baho,
na ce wa Ɗantala: ɗakin nan nawa ne.

Hamajoda birkila ya zo da igiyar awo,
zai daɓe ƙasa sumul kamar faranti.
Na ce a'a, karkata mini ita,
yatsa biyu ta wajen gabas.
Ruwa ba ya son roƙo,
nuna masa gangara, ya san sauran.
Ya fasa bango daidai gindi,
kumfa ta bi rami mai tsakuwa,
ruwan ɗauraya kuwa rabon lemun tsami ne.

Da zai gina dakali, na tsaya ya auna ni.
Daidai ƙuguna.
Tun da nake, ba a taɓa gina wani abu
da awona ba.

Duro biyu na jera a lungu,
don famfon unguwarmu baƙon dare ne:
ya zo ƙarfe uku ba sallama,
ya tafi kafin ladan ya gyara murya.
Nakan kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Kanta ta sama, inda hannun Ladiyo bai kai ba,
can kwalbar jabel mai cin launi take.
Ƙasa da ita sabulun sanda,
bula a ƙulle, sitati a tulu,
sai wani gwangwanin madara
da na sa wa suna Gadon Aljihu.
A mako guda ya ci sefa ɗari da hamsin,
ƙusa, ɓarin goro da ya bushe,
da makullin babur
wanda aka yi rantsuwa an sace a kasuwa.

Kwando uku, ba huɗu ba.
Na farare, na masu launi,
da na atamfar da ba ta riƙe amana.
Ban manta jar nan ba,
wadda ta kwana baho ɗaya da babbar rigar Juma'a.
Ɗantala ya tafi masallaci kamar ruwan zoɓo,
bai ce uffan ba har aka yi la'asar.

Igiyar shanya biyu ce.
Ɗaya a fili, don farare su sha rana,
ɗaya a inuwar darbejiya,
gama ranar Garwa ba ta bar wa shuɗi komai.
Dutsen guga ma biyu:
na lantarki don ranar sa'a,
na gawayi don sauran kwanaki.

Da aka gama, na kawo Inna Tasalla ta gani.
Ta shafa dakali, ta ƙwanƙwasa duro,
ta ce: mu dutse muka sani a bakin Binuwai,
ido ɗaya kan kumfa, ɗaya kan dorina.
Ta yi shiru.
Ta ce: ya yi kyau, 'yar nan.
To amma a nan wa zai gaya miki
wa ta haihu, wa ya dawo daga Kusiri,
nawa ake sai da tiyar gero?

Ban da amsa.
Washegari na je wurin kafinta,
na ba da jaka biyu, ya yi mini benci.

Yau Asabar. Barmani ta tsallako da ƙunshin wankinta,
tun daga ƙofa ta fara labari.
Inna na kan benci tana haɗa safa da 'yar uwarta.
Ruwa na bin gangararsa,
lemun tsami ya fara fure,
ni kuwa ina tsaye,
tsaye cak,
ina cuɗa wuyan riga.