Minti Uku

Minti uku aka ba ni.
Wani saurayi ya ajiye agogo kan tebur,
ya ce in ya buga cokali a jikin kofi, in zauna.
To, bismillah.

Sunana Hansatu Tanko, daga Gyallesu.
Mu goma sha bakwai ne, masu jinya a gida,
irin jinyar da ba a sa mata ranar sallama.
Shika takan gama nata, ta rubuta takarda,
a kawo mutum kwance a keke, kansa bisa cinyar 'yarsa.
Daga nan sai mu.

Na karanta kundin kasafin nan naku, ranku ya daɗe,
dare biyu, ɗana na haska mini da waya.
Na ga tayoyin mota. Na ga labulen ofis.
Na ga kuɗin shayin taro.
Na bi shi da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
ban ga safar hannu ba.
Ban ga Delu ba.

Delu ke juya Malam Barau duk bayan awa biyu,
shekara huɗu ke nan
tun da ɓarin jikinsa ya shanye a gaban allo,
alli a hannu, yana tsakiyar darasin lissafi a Tudun Wada.
Ƙila a cikinku akwai wanda ya koya wa rabawa.
Ku je ku duba bayansa, ko gyambo ɗaya babu.
Bayan Delu ne ya biya kuɗin.
A zaune take sallah yanzu.

Ga Jatau, mai fitowa daga Wusasa da duku-duku,
ya yi wa tsofaffi uku wanka kafin hantsi.
Na Sabon Gari, tsohon ma'aikacin reluwe, ba ya gane shi,
kullum sai ya tambaya ko jirgin Kano ya iso.
Jatau ya ce, yana hanya, Baba, ɗaga hannu.

Alawus ɗin da aka ce mana bara ma yana hanya.
Wata bakwai.
Huɗu sun bar aikin.
Ɗaya na suyar awara a Kwangila, ban ga laifinta ba.

Na san bargon gajere ne, kowa ja yake.
Masu titi na ja, masu taki na ja,
kowa ya zo da mai magana cikin babbar riga.
Namu mutanen ba za su iya hawo matakalar zauren nan ba.
Na ƙirga da nake hawowa, goma sha ɗaya ce.

Ba sadaka na zo nema ba.
Layi ɗaya, da lamba a gefensa,
yadda ba zai ɓace tsakanin Kaduna da nan ba:
safar hannu, kunzugun manya, kuɗin mota,
horon ɗaga mutum ba tare da karya kai ba,
da albashi mai zuwa ran da aka ce.
In mun ajiye, gadajen asibiti za su ɗauka.
Ku da kuka iya lissafi, ku auna.

Saurayin ya ɗaga cokali.
Na san shi. Ya san na san shi.
Ni na shafa idon kakarsa a Tukur-Tukur, daminar bara waccan,
shi yana rakuɓe a bakin ƙofa, ya kasa shigowa.
Cokalin ya tsaya a sama.

Na ce, na gama.

Shugaban kwamiti ya ce za a duba.
Ya rubuta wani abu, ko zane ya yi, ban hango ba.
Aka kira mai magana kan kwalbati.

A waje, huɗu saura kwata.
Delu ta tafi ganin likita, yau ni ce kan Malam Barau,
tun ƙarfe biyu yana kwance kan hagu.
Na tsayar da mai babur.
Ya ce ɗari biyar.
Na ce uku gare ni, kuma ka yi sauri.