Mai Tsaron Janareta

Ni ba na kiɗa, ba na waƙa.
Wurina bayan ɗaki ne,
a tsugune kusa da janareta
da galan na fetur lita huɗu
da muka yi karo-karo mu bakwai muka saya.

A Gusau, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa,
akwai siton da aka daina zuba wa auduga
tun ban zo duniya ba.
Ƙofarsa kwano ce, babu lamba.
Ba mu buga takarda, ba mu shela.
Wanda ya sani ya raɗa wa wanda ya yarda da shi
a teburin mai shayi:
"Asabar, bayan lisha. Kada ka taho da mai surutu."

Nomau da rana walda yake yi.
Gangunansa shi ya ƙera su:
durom ɗin man gyaɗa, fata daga majema,
da murfin tukunyar da uwarsa ke nema har yau.
Jatau, mutumin Zuru, malamin lissafi,
jitarsa tsirkiya biyar ce ta gaskiya,
ta shidan wayar birkin babur.
Lantana kuwa daga asibiti take zuwa,
hannunta na warin magani,
ta rataya bes a kan hijabinta
ba ta kallon kowa.

In sun fara rege,
kiɗan yakan taka da ƙafa ɗaya ya jinkirta ɗayar,
kamar raƙumin da ya san ba ya tsoron nisa.
In Jatau ya juya shi rok
sai ka ce ana yaga kwano da haƙori.
Ni daga waje nake ji, ta bango, ta ƙashin baya.
Duk bugun da Lantana ta yi
audugar da ta maƙale a rufi shekara da shekaru
sai ta saki, ta sauko a hankali,
ta yi wa yara 'yan ashirin furfura.

Kakale ne da makirfo.
Waƙarsa ɗaya ce da kowa ke jira,
ta gonar geron da ya baro a ƙauye,
damina uku ba wanda ya isa ya je ya duba.
Ba ya zagin kowa a ciki.
Iyakoki kawai yake lissafawa:
daga tsamiya zuwa rijiya,
daga rijiya zuwa kabarin kakansa.

Yana kan rijiya fetur ya ƙare.

Duhu. Na girgiza galan, ko ɗigo.
Na ji kunya kamar ni na shanye shi.
Amma Nomau bai tsaya ba,
durom ba ya cin mai.
Mutum sittin suka ɗauki amshi da baki,
suka kai Kakale har kabarin kakansa.

Sai ga tocila a bakin ƙofa.
Kowa ya haɗiye muryarsa,
wasu har sun fara auna tsawon taga.
Ashe Baba Cindo ne, maigadin layi,
da sandarsa da bargo a kafaɗa.
Ya haska mu ɗaya bayan ɗaya,
ya tsaya a kan abin da Lantana ke riƙe.
"Wanga shi ka yin rurin?
Ina kwance na zaci jirgi ya dawo."
Ya ce a nan ya ɗauki dila shekara sha tara.
Ya zauna a kan sifikar da ta mutu,
ya ce a maimaita, amma a hankali, akwai masu jego.

Da safe ina rumfata ta gyaran waya,
kunnena na ƙugi, yatsuna na warin mai.
Wata mai ciniki ta dube ni ta yi dariya:
"Yaro da kai, har ka fara furfura?"
Na shafa kai, na ciro zaren auduga.
Ban yar ba.
Na sa a aljihu, tare da kuɗin litar farko.