Biyar ga Wata

A Valparaíso gidaje rataye suke a jikin tudu
kamar shanyar da aka manta ba a kwashe ba.
Ni ke hawa da mutane, ni ke sauko da su
a baƙar tasi mai rufi ruwan ɗorawa,
wadda birkinta ke kuka tun kafin mu rabu da Ximena.

A kotun iyali mace ce alƙali, tabarau a goshi.
Ba ta tambayi wa ya fara ɗaga murya ba,
ko wa ya fasa faranti.
Ta ce: "Aure naku ne, kun kashe abinku,
amma 'ya ba a sakinta.
Kai, kawo takardar abin da kake samu.
Ke ma kawo taki."

Sai aka baje Rayén a kan tebur, lamba-lamba:
kuɗin littafi, kuɗin mota,
maganin asma na watannin sanyi,
kasonta na haya da gas,
takalmi sau biyu a shekara,
don ƙafar 'yar takwas ba ta jiran ciniki.
Na ce fetur ya tashi.
Alƙali ta ce madara ma ta tashi.
Ximena ba ta ce uffan ba, gwangwanin biskit ta buɗe,
rasit ne fal, an ɗaure da roba wata-wata,
har na watan da na rantse na aika,
alhali ban aika ba.

Aka yanke: biyar ga kowane wata,
a asusu, ba hannu da hannu ba,
don hannu na mantuwa, banki ba ya yi.
Keken da na saya mata ba ya cikin lissafi.
Askirim ɗin ranar Lahadi ma haka.
"In ka ƙullaci uwa, kada ka hora cikin 'ya.
In an hana ka ganinta, dawo ka kawo ƙara,
amma kuɗin ya riga ka isa.
Wannan ƙofa daban, waccan daban."

Na fito raina a dagule, ba zan ɓoye ba.
Osvaldo, abokin layina a bakin tashar jiragen ruwa,
ya ce shi tuni ya daina, a yi abin da za a yi.
Ranar da ya je sabunta lasisi
sunansa ya riga shi zuwa, cikin rajistar masu bashin 'ya'ya.
Yanzu ƙanensa ke jan motar,
shi yana feƙe kifi a kasuwa.

Ba tsoron rajista ya gyara ni ba.
Yuni ne, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
fasinja ya yi wuya, biyar ta wuce, goma ta wuce.
Ba wanda ya buga waya.
Ran Lahadi Rayén ta sauko matakala tana ɗingishi,
ta lanƙwashe yatsu cikin takalmin bara.
Na ce, me ya samu ƙafar?
Ta ce: "Mama ta ce mu ɗan jira,
wai Baba ba ya mantuwa."

Na juya ina kallon teku
kamar akwai abin gani.

Yanzu daren huɗu ga wata
nakan baje tsaba a kujerar fasinja, in ƙirga sau biyu.
Doka ta ce har ta kai ashirin da ɗaya,
in tana karatu, ashirin da takwas.
Jiya ta ce likitar dabbobi za ta zama,
za ta yi wa zakunan teku allura.
Na lissafa a bayan rasit ɗin mai:
biyar ga wata sau ɗari biyu da arba'in.
Na ce, to, likita, ɗaura bel.

Birki na kuka. Zai jira wani watan.